Ranar da Arlen Skogen Ya Zauna a Kujerar Direba

Kafin shagon burodi ya buɗe, Arlen Skogen ya riga ya share filin simintin da ke gaban garejinsa. Ba don tsafta yake yi ba, duk wanda ya taɓa leƙa cikin garejin zai ba da shaida. Filin nan ne kaɗai wuri a garinmu da ya yarda a miƙe yake, babu tudu babu gangara, domin da hannunsa ya zuba simintin, kuma a cewarsa tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin taya ta isa ta ɓata masa awo. Idan ya gama shara sai ya ɗora gahawa a wuta, ya sa tef ɗin awo a aljihun hagu, alli a na dama, ya zauna a kan wani bokiti da ya kife yana jiran mu.

Mu kuwa da kaka muke zuwa. Da zarar an gama girbin masara, ganye ya fara zuba, duk tsofaffin wannan yanki na Minnesota da gwiwoyinsu suka gaji da dusar ƙanƙara sai mu fito da tirelolinmu, ɗakunan nan masu taya da muke ja da a-kori-kura, da gado da murhu a ciki, mu nufi kudu inda rana take. Babu mai hankalin da zai kama wannan doguwar hanya bai biya ta wurin Arlen ba. Shekara arba'in da 'yan kai haka ake yi.

A baki aikin ba wani abu ba ne. Idan ka ɗora wuyan tirela a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, bayan sai ya durƙusa, gaba ya ɗaga hanci sama. Tayoyin gaba su rage riƙon ƙasa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, birki ya rage ci, fitilu su koma haska rassan bishiya. Maganin abin sanduna biyu ne na ƙarfe da ake ɗaurawa daga mahaɗin zuwa wuyan tirela, a ɗame su da sarƙa, su kwashe nauyin daga baya su raba wa sauran tayoyi. Sanin iya inda za a ɗame, nan aikin yake. Arlen yakan auna tsayin gaban mota daga siminti kafin a haɗa, ya rubuta a ƙasa da alli, ya sake aunawa bayan an haɗa, ya yi ta ƙara zoben sarƙa yana ragewa, har gaban ya dawo inda yake da farko.

Yana da doka guda wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta, ko da fasto ne. Ka zo yadda za ka tafi. Kaya a ciki, ruwa a tanki, tukunyar gas a cike, kowa a kujerarsa, har kare idan da shi za a yi tafiyar. Shi kaɗai ne yake tsayawa a waje da tef. Ya ce awon mota babu mutanenta awon ƙarya ne.

Floyd Bakken, wani manomi mai taurin kai da muka yi makaranta tare, ya taɓa gwada sa'arsa. Ina wurin, ina jiran layi. Ya shigo fili da tirela fayau, shi kaɗai a mota.

Arlen ya leƙa ta taga ya ce, "Ina Doreen?"

"Tana gida, tana haɗa kaya."

"Kayan fa?"

"Ban ce maka tana haɗawa ba?"

"To me ka kawo mini in auna? Iska?"

"Haba Arlen, ka ƙiyasta mana. Ka san Doreen tun tana 'yar firamare."

"Ni in ƙiyasta nauyin matarka? Kai ka ƙiyasta, ka faɗa a gabanta, mu ga inda za ka kwana yau."

Floyd ya ja tsaki ya juya. Washegari ya dawo da Doreen da kaya niƙi-niƙi. Arlen ya taɓa jak ɗin wuyan tirela, ya ɗan murɗa, ya tsaya. Ya ce wuyan ya yi sauƙi da yawa, akwai abu mai nauyi a can baya. Floyd ya rantse babu komai sai filo da bargo. Doreen ta kawar da kai tana kallon gilashi. Da aka ɗaga gadon baya, sai ga kwalaben kokwamba mai tsami jere reras, da naman barewa da ta ɓoye don kada Floyd ya ce ta yi yawa.

Doreen ta ce, "Wane munafukin ne ya faɗa maka?"

Arlen ya ce, "Tirelar ce, Doreen. Ba ta iya riƙe sirri ba."

Ya sa aka dawo da kwalaben gaba, kusa da tayoyi, domin nauyi a wutsiya shi ne yake sa tirela lilo a kan hanya har ta kayar da mota. Da bazara Floyd ya dawo yana ba kowa labarin iskar da ta same su a Kansas, yadda manyan motoci ke wuce su da gudu amma tirelarsa ko gezau. Bai taɓa cewa Arlen ne ya yi gaskiya ba. Ya dai kawo masa buhun lemu ya ajiye a bakin ƙofa ya yi tafiyarsa.

Kai ne, Arlen, wanda ka durƙusa a ƙarƙashin motocin rabin garin nan har gwiwar wandonka ta zama fata. Babu wanda ya taɓa tunawa da kai a hanya, domin aikinka idan ya yi kyau mantawa ake yi da shi. Muna can muna shan iska a bakin ruwa, muna ɗaukar hoto da gajeren wando, kai kana nan kana kankare ƙanƙara daga gilashin mota. Mai alli, mai haƙuri da masu taurin kai.

Ni ma ina da tawa shaidar. Shekarar da mijina Duane ya rasu, ɗana ya matsa in sayar da tirela. Ya ce, "Mama, ke kaɗai za ki ja wannan abu har Texas? Ko ɗaga sandar ba za ki iya ba." Na yi fushi, amma a zuciyata na san ban taɓa ɗagawa ba. Duk shekarun nan Duane ke yi, ni ina cikin mota ina duba taswira. Na je wurin Arlen da niyyar ya sama mini mai saye. Ya dube ni ya ce, "Maxine, kina son sayarwa, ko an ce ki sayar?" Sannan ya ce in je in loda in dawo.

Da na dawo bai taɓa komai da hannunsa ba. Ya tsaya yana faɗa ina yi. Ya nuna mini cewa idan na haɗa sannan na murɗa jak ya ɗaga bayan motar sama, sandunan za su shiga wurinsu ba tare da na yi kokawa da su ba. Na haɗa, ya ce in kwance. Na sake haɗawa, ya ce in kwance. Sai da hannuna ya yi baƙi ƙirin da giris, na fara zaginsa a fili, sannan ya ce in shiga in zauna ya auna. Na zauna a kujerar Duane, kujerar gefe babu kowa. Na ga ya auna, ya dubi allinsa, ya je ya canja zobe ɗaya na sarƙa. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba, domin na san nauyin wanda ya ragu. Ya ce zai shiga ciki ya ɗauko sifana. Ya daɗe ƙwarai yana neman sifanar nan, har na gama kukana na share fuska. Tun daga ranar duk shekara nake tafiya kudu da kaina.

A duk waɗannan shekaru akwai wadda ke zaune a bakin tagar ofishin gareji tana ɗaga mana hannu idan za mu fita. Verna ce, matar Arlen, mace mai baki kamar reza da zuciya mai kyau. Su ma suna da tirelarsu. Tun yaransu na gida suka saya, aka ajiye ta a bayan gareji, ciyawa ta yi ta fitowa tana bushewa a gindin tayoyinta. Kowace shekara sai a ce baɗi. Amma lokacin tafiya shi ne lokacin aikin Arlen, kafin ya sallami na ƙarshe hanya ta rufe da ƙanƙara, da bazara kuma mu dawo masa da abubuwan da muka ɓata. Verna ba ta taɓa ganin teku ba. Mu muka riƙa kawo mata ɓawon kifin bakin ruwa tana jerawa a taga, tana tambayarmu ko gaske ne ba a hango ɗaya gaɓar. Muna ba ta labari muna jin daɗin bakinmu, babu wanda ya ce wa Arlen ya isa haka.

Bara idonta ya fara lalacewa. Wani baƙin tabo ne ya fito mata a tsakiyar gani, duk abin da ta kalla kai tsaye sai tsakiyarsa ta ɓace, gefe kawai take gani. Likita ya ce tabon ƙaruwa zai yi ta yi, ba ya komawa baya. Bai ce yaushe zai gama ba, ya dai ce idan akwai abin da take son gani kada a ja lokaci. Da bazarar nan Arlen ya rataya allo a ƙofa cewa wannan kakar ce ta ƙarshe, zai rufe gareji ya kai Verna bakin teku. Gari ya ɗauka da murna. Matan coci suka yi masa liyafa, aka cika tebur da kwanukan dankali da nama, ya zauna a kusurwa kamar wanda aka kawo kotu. Ya sa wa tirelar sababbin tayoyi, ya wanke ta, ya jawo ta kan siminti.

Sai kuma shiru. Mutane suka yi ta zuwa yana daidaita musu suna tafiya. Floyd da Doreen suka tafi. Na ƙarshe ya tafi. Bishiyoyi suka zama tsirara, rediyo ya fara maganar dusar farko, tirelar Skogen tana nan inda take. Ni bana ban tafi ba, an yi mini aikin gwiwa, don haka kullum na wuce sai in gan ta, raina ya ɓaci. Kowace safiya da ta wuce, da ɗan abin da ta tafi da shi daga idon Verna.

Wata safiya na kasa haƙuri, na ɗauki sandata na dogara har can. Abin da na tarar ya sa ban san dariya zan yi ko kuka ba. Verna na zaune a kujerar gefe da rigar sanyinta ta fita unguwa, jaka a cinya. A kujerar direba kuwa buhunan gishiri ne, irin wanda muke barbaɗawa a ƙofar gida don ƙanƙara ta narke, an jera su an ɗaure da bel. Arlen na durƙushe a gaban mota da tef. Dokarsa ce ta kama shi. Dole direba ya zauna a kujerarsa, dole kuma Arlen ya tsaya a waje ya auna, shi kuwa mutum ɗaya ne.

Verna ta sauke gilashi ta ce, "Maxine, ke ce? Na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarki. Zo ki gaisa da sabon mijina. Ya fi tsohon hira."

Na ce, "Tun yaushe ake wannan shirme?"

"Kullum da safe. A zaunar da ni, a ɗaure gishiri, a auna, a ce da sauran gyara."

Arlen bai ɗago ba. Ya ce, "Nauyinmu ɗaya, na hau sikeli na gwada. Amma gishiri ba ya zama irin zaman mutum. Mutum ƙafarsa na gaba, wajen birki."

Na miƙa hannu na ce, "Ba ni tef ɗin."

"Gwiwarki fa?"

"Tawa ce, ba taka ba."

"Ba ki san inda nake kafa bakin tef ba."

"Kai ka koya mini, tsoho. Ko kana nufin duk shekarun nan da awon ƙarya kake tura ni Texas?"

Ya miƙe da ƙyar, ya ja ni gefe, ya rage murya. Ya ce, "Maxine, ni ban taɓa jan tirela na wuce gadar kogin nan ba. Gwaji kawai nake yi in juyo. Duk wanda ya ga wata ta kife a hanya, nan yake zuwa ya ba ni labari, ban manta ko ɗaya ba. Na mutane ina waje, ina gani da idona, in ce su tafi. Wannan kuwa ita ce a ciki."

Ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba. Kafin in sami abin cewa, muryar Verna ta fito ta taga.

"Ido ne ya tafi, Arlen, kunne na nan. Zo nan."

Ya je ya tsaya a bakin ƙofarta. Ta juya kanta gefe kamar yadda ta koyi yi, don ta kama shi da gefen ido.

Ta ce, "Makon jiya idan na kalle ka, hancinka ne kawai babu. Yau har da bakinka. Ba na so in je in ji ƙarar ruwa kawai, wannan ko a rediyo na ji. Sauke gishirin nan ka shiga mota."

Ya zagaya, ya kwance bel, ya sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini tef ba tare da ya dube ni ba. Ya shiga ya zauna, ya rufe ƙofa. Na durƙusa a kan gwiwar da likita ya hana ni durƙusawa a kanta, na kafa tef, na duba, na dubi rubutun allinsa a ƙasa. Daidai yake cif. Tun yana aunawa da gishirin ma daidai yake, shi ma ya sani.

Na ce, "Daidai."

Ya ce, "Auna ɗaya gefen."

Na ja jiki na zagaya na auna. Na ce, "Daidai, Arlen. Babu abin da ya rage."

Na ga hannunsa ya nufi mariƙin ƙofa. Verna ta cafke hannun rigarsa.

Ya ce, "Gahawa na kan wuta."

Ta ce, "Maxine za ta kashe."

"Ban kulle gareji ba."

"Maxine za ta kulle. Idan ka fita daga motar nan, na rantse gishirin zan ce ya tuƙa."

Ya ta da mota. Suka fita daga fili a hankali, ya kunna sigina ko da yake babu kowa a titi. Na tsaya na ɗaga musu hannu har suka sha kwana. Sai a lokacin na gane cewa wannan rakiyar Verna ta yi shekara arba'in tana yi mana, ni sau ɗaya na yi, kuma ta yi mini nauyi. Na shiga na kashe wuta, na kulle ƙofa. Da yammacin ranar dusa ta fara sauka.

Yanzu garin ya yi shiru irin wanda ban sani ba, domin ban saba zama a wannan lokaci ba. Idan na wuce garejin sai in rage tafiya, ban san me nake nema ba. Ina kewarka, Arlen, da gahawarka mai ɗaci, da yadda kake amsa gaisuwa da haɓa. Ina kewar layin tireloli a bakin titi, ana tsegumi ta taga ana jiran a kira mutum. Ina kewar Duane a cikin layin nan, yana gardama da kai a kan iskar taya. Rufewar garejinka ta rufe mana wani zamani, kuma mun san yawancinmu tafiye-tafiyen da suka rage mana ba su da yawa.

Bayan kwanaki wayata ta yi ƙara. Verna ce, iska na bugun wayar har sai da na toshe ɗaya kunnen.

Ta ce, "Mun iso. Ya yi ta tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har tarakta ta wuce mu, amma mun iso."

Na ce, "Kin gan shi?"

Ta ce, "Tsakiyar ta tafi, Maxine. Mun makara wa tsakiya. Amma idan na juya kaina ina ganin gefe-gefe, shuɗi a nan, shuɗi a can, yana motsi. Gaskiyarku, ba shi da ɗaya gaɓar. Tsakiyar kuma na ce Arlen ya riƙa faɗa mini abin da ke wurin."

"Yana faɗa?"

"Yana ƙoƙari. Na ce me kake gani, ya ce ruwa. Na ce sai me, ya ce wani ruwan."

Muka yi dariya har na kasa numfashi, da na ajiye wayar kuma na zauna na daɗe ban tashi ba.

Mun gode, Arlen Skogen. Mun gode a madadin duk wanda ya isa inda za shi bai san an yi masa komai ba, da jikokin da suka ga kakanninsu sun dawo gida da bazara. Duk mai sana'ar da zai karanta wannan, ya yi aikinsa yadda ka yi naka, kada ya sallami mutum da awon ƙarya don kawai yana sauri. Wanda kuma yake da mai zama a bakin taga tana ɗaga wa wasu hannu, kada ya bari sai likita ya sa masa rana. Mu da muka ci moriyarka muna da namu kason a makarar nan, domin kowannenmu ya so a daidaita tasa kafin ka tafi.

Kada ka yi gaggawar dawowa. Babu abin da ke nan sai sanyi. Ka zauna kusa da ita a bakin ruwan nan, ka buɗe bakin da ka yi shekaru kana tsimi. Idan jirgin ruwa ya wuce ka faɗa mata launinsa. Idan tsuntsu ya faɗa ruwa ka faɗa mata ko ya kamo kifi. Idan rana za ta faɗi, kada ka ce rana ce kawai. Ta jira ka da yawa, Arlen, ka faɗa mata duka.